ORIJEN NA ISKANDARIYA, WANDA YA AMSA WA MASU ZAGIN BISHARA

An haifi Orijen a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar wajen shekara ta 185 bayan haihuwar Ubangijinmu. Mahaifinsa Liyonidas mai bi ne, ya kuwa sa shi haddace Littafi Mai Tsarki tun yana ƙarami. A shekara ta 202, zamanin Kaisar Seferus, tsanani ya tashi, aka kama Liyonidas aka fille masa kai. Yaron ya ƙudura ya je ya mutu tare da ubansa, sai uwarsa ta ɓoye tufafinsa duka, kunya ta hana shi fita. Hukuma ta ƙwace dukiyar gidan, aka bar shi da uwa da ƙanne shida. Yana ɗan shekara 18 aka danƙa masa koyar da masu shirin baftisma, waɗansu almajiransa ma shi ya raka su har wurin kisa.

'Yan'uwa, ya kamata mu san abin da ya sa Romawa suka ƙi masu bi. Sun ga ba su da gunki, ba su da bagade, sai suka ce marasa allah ne. Sun ƙi ƙona turare ga siffar Kaisar, aka ce 'yan tawaye ne. In an yi fari ko annoba, a ce su suka fusata alloli. Har Jibin Ubangiji aka juya, wai naman mutum suke ci.

Wannan duk maganar kasuwa ce. Amma wajen shekara ta 178 wani masani mai bautar gumaka, Kelsus, ya rubuta littafi ya sa masa suna Maganar Gaskiya. Mutumin nan ba jahili ba ne, ya karanta Littattafanmu kafin ya ɗauki alƙalami. Ya ce Yesu sihiri ya koyo a Masar. Ya ce labarin tashi daga matattu ya dogara ga shaidar mace mai ruɗewa. Ya yi ba'a cewa masaƙa da dukawa da masu wanki su ne malamanmu, mata da yara da bayi kuma su ne masu sauraro. Daga ƙarshe ya zargi masu bi da gudun aikin soja, suna barin sarki shi kaɗai.

Shekara wajen 70 littafin yana yawo. A lokacin Orijen ya riga ya koma Kaisariya ta Falasɗinu bayan saɓani da Bishof Dimitiriyas. Abokinsa Ambrus, mai biyan marubutansa, ya matsa masa ya ba da amsa. Da fari bai so ba, domin Ubangiji kansa shiru ya yi a gaban masu ƙararsa. Amma saboda raunanan masu bi ya yarda, wajen shekara ta 248 ya rubuta littattafai 8. Yakan kawo maganar Kelsus yadda take, sa'an nan ya amsa. Ya nuna cewa mai sihiri ba ya kiran mutane ga tuba, masunta kuma ba za su mutu domin ƙaryar da suka ƙaga ba. Game da yaƙi, ya ce addu'ar masu bi ta fi takobi taimakon sarki. Abin mamaki, littafin Kelsus ya ɓace, abin da muka sani daga cikinsa ta bakin Orijen muka same shi.

Ba dukan koyarwarsa muke karɓa ba. Ya yi nisa cikin hasashe, kamar zancen cewa rayuka sun wanzu kafin haihuwa, Ikkilisiya kuwa ta ƙi wannan daga baya.

A shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Aka kama Orijen, tsoho mai shekara wajen 65, aka sa shi a sarƙa, aka miƙe ƙafafunsa a turu kwana da kwanaki. Alƙalin ya kula kada ya mutu, domin musunsa ake so, ba gawarsa ba. Bai yi musu ba. Desiyus ya mutu a yaƙi a 251, aka sake shi, amma jikinsa ya riga ya lalace. Ya rasu wajen shekara ta 254, aka binne shi a Taya.