Sarauniya Blanche: Baƙuwar Da Ta Riƙe Faransa

Jama'a, a wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Faransa ta shekaru ɗari takwas da suka wuce, don mu kawo muku tarihin wata mace da aka yi wa gorin baƙunta, amma ta riƙe amanar ƙasa har sau biyu.

An haifi Blanche a shekarar 1188 a Kastil, cikin ƙasar Sifen ta yanzu. Ubanta shi ne Sarki Alfonso na 8. Tana 'yar shekara 12 kakarta ta zo ta ɗauke ta, aka kai ta Faransa aka aura wa yarima Louis a 1200. Mijin ya hau gadon sarauta a 1223, amma shekara uku kacal ya yi, ya rasu cikin Nuwamba 1226. Ya bar mata magaji, Louis na 9, yaro ɗan shekara 12, aka ce ita za ta yi riƙon ƙwarya.

To, nan fa aka yi ta. Manyan hakimai suka ce ina, mace kuma baƙuwa ba za ta juya su ba. Suka yi ta yi mata ƙazafi. Ita kuwa ba ta tsaya wata-wata ba, cikin mako uku ta sa aka naɗa yaron a birnin Reims, tun kafin su gama ƙulla shawara. Da suka yi yunƙurin sace shi, ita da shi suka fake a Montlhéry, mutanen Faris suka fito da makamai suka rako su gida.

A farkon 1229, cikin tsananin sanyi, da kanta ta bi rundunar da ta kewaye garun Bellême na Pierre, mai riƙe da Birtani, wanda shi ne kanwa uwar gamin tawayen. A wannan shekara kuma ta ƙulla sulhun da ya kawo ƙarshen yaƙin kudancin ƙasar. Sarkin Ingila Henry na 3 ya ƙetaro da dakaru a 1230, ya koma hannu rabbana. Wasu hakiman da takobi ta lanƙwasa su, wasu da kyauta, wasu da auratayya.

Da yaro ya kawo ƙarfi, sai ta sakar masa ragama. Amma fa ba mu ce ba ta da aibi ba. Matar da ya aura a 1234, Marguerite, ta sha wuyar uwar miji, don ko keɓewa ba ta son ganin sun yi.

A 1248 Louis ya ɗaura yaƙi zuwa Masar, duk da uwar ta so hana shi. Tana da shekara 60 ta sake karɓar riƙo. Misirawa suka kama shi a 1250, sai da aka mayar musu da garin Dimyat aka kuma biya fansa. Maimakon ya dawo, sai ya zarce Falasɗinu. Tsohuwa ta ci gaba da riƙe ƙasa tana aika masa kuɗi, har ta rasu cikin Nuwamba 1252 ba su sake ganawa ba. Allah Sarki!

Mu da muka san ɗacin kalmar baƙo, abin lura a nan shi ne: 'yan ƙasa ne suka nemi yaga Faransa, baƙuwa ce ta miƙa ta ga mai ita a ɗinke.