Tazio Nuvolari, Ubangidan Santsi

Duk direban da ya san hanyoyin ƙauyukan Rano da Kibiya da damina ya san santsi, ya kuma san tsoronsa. To, a ƙasar Italiya an yi wani mutum wanda ya mai da santsin nan bawansa, watau Tazio Nuvolari.

An haife shi a 1892 kusa da birnin Mantuwa. Ya yi aikin direba cikin soja a Yaƙin Duniya na Farko, sa'an nan ya shiga tseren babur, daga baya ya koma na motoci. Ɗan ƙaramin mutum ne, amma hannunsa a sitiyari sai kallo.

Galibin direbobi in sun doso kwana sai su danne birki. Shi kuwa tun da wuri yakan karya sitiyari, ya bar tayoyi huɗun su zame da gangan, ƙafarsa na kan totur, har motar ta fita kwanar tana fuskantar miƙaƙƙiyar hanya. Enzo Ferrari, wanda ya taɓa zama kusa da shi cikin mota, ya shaida shi ya fara wannan dabara. Mu dai ba ma ba direban kasuwa shawarar gwadawa.

A 1935, a filin Nürburgring na Jamus, bayan ruwa ya jiƙa hanya, ya shiga da tsohuwar Alfa Romeo, ya ka da sababbin motocin Jamusawa tara a gaban manyansu. Tayar na gabansa ta fashe a zagayen ƙarshe.

Bai mutu a mota ba. Ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a Mantuwa a 1953.