Yohanna Newton, Baturen da Ya Gaji da Gyaran Kansa

Karatu: Afisawa 2:1-10

Mu mazauna Walia mun san ruwa. A ambaliyar 2022, da kogin Shari da Logon suka cika suka shigo unguwa, na ga majiya ƙarfi a kan rufin ɗaki suna jiran kwalekwale. Ba wanda ya tambayi mai kwalekwale ko ya cancanci shiga. Wannan yakan tuna mini da Yohanna Newton.

An haife shi a Landan a 1725. Mahaifiyarsa mai tsoron Allah ce, ta koya masa Littafi Mai Tsarki, amma ta rasu kafin ya cika shekara bakwai. Yana ɗan shekara 11 ya fara bin mahaifinsa aikin jirgin ruwa.

Mutane sukan ba da labarinsa kamar bai taɓa neman Allah ba. Ya nema ƙwarai, da ƙarfin kansa. Kafin ya kai shekara 16 ya ɗauki addini ya ajiye sau uku ko huɗu. A ƙoƙarinsa na ƙarshe ya yi ta azumi, ya bar cin nama wata uku, da kyar yake amsa magana don gudun zunubin baki. Duk wannan bai taɓa zuciyarsa ba, sai ƙunci da ya ƙara masa. Da ya saki, ya fi dā lalacewa, har matuƙan jirgi, waɗanda ba baƙin ashar ba ne, suna mamakin bakinsa.

A 1744 aka tilasta shi shiga sojan ruwa. Ya gudu, aka kamo shi aka yi masa bulala. Daga nan ya faɗa hannun wani mai fataucin bayi a wani tsibiri kusa da Saliyo, inda ya sha yunwa da wulaƙanci, har bayin da ke cikin mari suke ɗan ba shi abinci a ɓoye.

A watan Maris 1748, a hanyar komawa Ingila, hadari ya auka wa jirginsu. Yana kwarfar ruwa, ya ji bakinsa ya roƙi jinƙan Ubangiji, shi kansa ya yi mamaki. Suka tsira, suka sauka a Ailan.

Ɗan'uwa, kada ka zaci labarin ya gyaru a nan. Ya sāke ɗaukar alkawarai, kuma cikin watanni kaɗan ya karya su. Sai da zazzaɓi ya kwantar da shi a gaɓar Saliyo ya daina yi wa Allah alkawari, ya jingina ga Almasihu da aka gicciye kaɗai.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne, bayan wannan duka ya zama shugaban jirgin bayi. Yana karanta Littafi a sama, kakanninmu na Afirka suna ɗaure a ƙasa. Ba zan wanke shi ba, shi ma daga baya bai wanke kansa ba. Ciwo ne ya raba shi da teku a 1754.

A 1764 aka naɗa shi limamin ikkilisiya a Olney. A can ya rubuta waƙoƙi tare da William Cowper, aka buga su a 1779, cikinsu har da Amazing Grace. A 1788, shekara 34 bayan ya bar sana'ar, ya buga ɗan littafi ya tona muguntar cinikin bayi, ya furta da kunya cewa da hannunsa a ciki. Shi ne kuma ya ƙarfafa William Wilberforce ya zauna a majalisa ya yi yaƙin.

Da ya tsufa idanunsa suka dushe, tunaninsa ya raunana, abokai suka ce ya huta da wa'azi, ya ƙi. Majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi a Maris 1807. Newton ya rasu ran 21 ga Disamba na shekarar, yana da shekara 82.