Takaitaccen Tarihin Dugald Clerk (1854–1932)

Gabatarwa

Ƙananan janaretocin da ake jin ƙararsu da dare a Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai, suna aiki ne da inji mai bugu biyu. Mutumin da ya fara ƙera irin wannan inji har ya yi aiki sosai shi ne Dugald Clerk.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Clerk a birnin Gilasgo na ƙasar Sukotlan ranar 31 ga watan Maris, 1854. Mahaifinsa, Donald Clerk, ma'aikacin injuna ne, don haka ya tashi a cikin sana'ar. Ya yi karatu a Kwalejin Anderson da ke Gilasgo, sannan a Kwalejin Yorkshire da ke Leeds, inda ya zurfafa a ilimin kimiyyar sinadarai. Wannan ilimi ya taimaka masa wajen fahimtar yadda iska da mai suke haɗuwa su ƙone.

Matsalar da Ya Tunkara

A shekarar 1876 Bajamushe Nikolaus Otto ya fito da inji mai bugu huɗu. A cikinsa fistin yana zuƙo iska da mai, ya matse su, su kama wuta su tunkuɗa shi, sannan ya kori hayaƙi. Ke nan a bugu huɗu sau ɗaya ake samun ƙarfi. Kuma doka ta bai wa Otto haƙƙin mallakar wannan tsari, ba mai ikon kwaikwayonsa.

Clerk ya ƙudurta kammala ayyukan huɗu a bugu biyu kacal. Wahalar ita ce sharar silinda: dole hayaƙi ya fita, sabon haɗi ya shiga, duk a lokaci guda. Idan hayaƙi ya yi saura, wuta ba za ta kama da kyau ba. Idan sabon haɗin ya bi hayaƙi ya fice, an yi asarar mai.

Dabararsa

Ya soma aikin a 1878, ya sami haƙƙin mallaka a 1881. Ya ƙara wata silinda ta biyu wadda aikinta famfo ne kawai. Ita take zuƙo iskar gas da iska, ta tura su cikin babbar silinda. Idan fistin ya kai ƙarshen tafiyarsa sai ya buɗe wasu ƙofofi a jikin silinda, sabon haɗin ya ingiza hayaƙin waje ta nan. Da haka aka riƙa samun ƙarfi a kowane juyi ɗaya. Sai dai da wa'adin haƙƙin Otto ya ƙare a Ingila a 1890, maƙera suka karkata ga tsarinsa, kasuwar injin Clerk ta ja baya.

Waɗanda Suka Ɗora

A wajen 1891 Joseph Day ya cire silindar famfo, ya mayar da ɗakin da ke ƙarƙashin fistin wurin matse haɗin. Tunda haɗin yana ratsa ta wurin, ba a iya ajiye baƙin mai a ciki, sai dai a zuba shi a fetur. Wannan ne asalin shuɗin hayaƙin ƙananan janareto da tsofaffin babura. A shekarun 1920 kuma Adolf Schnürle ya karkatar da ƙofofin shiga, yadda haɗin zai hau sama ya kewayo kafin ya iso mafita, asarar mai ta ragu. Tsarin Clerk na famfo daban bai mutu ba, domin manyan injunan dizal na jiragen ruwa suna tafiya bisa wannan tushe.

Ƙarshen Rayuwarsa

Clerk ya haɗa gwiwa da George Croydon Marks suka kafa kamfanin Marks & Clerk mai kula da haƙƙin masu ƙirƙira. Ya wallafa littafi kan injin gas a 1886. An zaɓe shi ɗan ƙungiyar masana ta Royal Society a 1908, ya jagoranci binciken injiniya na rundunar sojan ruwan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Farko, aka ba shi sarautar Sir a 1917. Ya rasu ranar 12 ga watan Nuwamba, 1932, a Ewhurst ta Ingila, yana da shekara 78.