Tarihin marigayi Mai Shari'a Muhammad Bello

Marigayi Mai Shari'a Muhammad Bello shi ne ɗan arewacin Nijeriya na farko da ya riƙe muƙamin Babban Jojin ƙasar, kuma yana cikin rukunin farko na 'yan Arewa da suka karanta aikin lauya a Ingila.

An haife shi a birnin Katsina a shekarar 1930, a gidan malamai masana shari'a. Mahaifinsa, Malam Gidado, shi ne Muftin Katsina. Saboda haka tun yana yaro ya tashi yana jin yadda ake warware mas'alolin gado da aure da ciniki bisa mazhabar Malikiyya.

Ya fara da karatun allo da na littattafan addini a gida, sannan aka sa shi makarantar elementare, daga nan ya wuce makarantar Midil ta Katsina.

Ƙarancin lauyoyi a Arewa

A wancan zamani Arewa ba ta rasa masana shari'a ba. Akwai alƙalai a kotunan En'e, akwai kuma Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934 domin horar da su.

Abin da babu shi ne lauyoyi masu ilimin dokar Ingila, wadda da ita ake aiki a manyan kotunan gwamnati. Turawa da 'yan kudancin ƙasar ne ke riƙe da wannan fage, alhali tun a ƙarni na 19 Legas ta samu lauyoyinta na farko.

Da mulkin kai ya ƙarato, shugabannin Jihar Arewa suka fahimci cewa Turawa za su tafi su bar musu kotunan da ba su da 'ya'yan da za su riƙe su. Wannan ne ya sa gwamnatin jihar ta zaɓi wasu samari ta ɗauki nauyin karatunsu, ciki har da Muhammad Bello.

Daga Ibadan zuwa London

A lokacin babu makarantar horar da lauyoyi a Nijeriya, domin sai a 1962 aka kafa ta, ta kuma fara aiki a Legas a 1963. Duk mai son zama lauya sai ya ƙetara zuwa Ingila.

Kafin tafiyar, sai da ya je Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya koyi harshen Latin, wanda yawancin ƙa'idojin dokar Ingila ke ɗauke da kalmominsa. Daga nan ya tafi London, ya shiga Lincoln's Inn, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi huɗu da ke da ikon tabbatar da mutum a matsayin lauya. A nan ne Muhammad Ali Jinnah, wanda ya kafa Pakistan, ya yi nasa karatun.

Bayan cin jarrabawa, ƙa'idar wurin ta wajabta wa ɗalibi halartar wasu liyafofin cin abincin dare tare da manyan lauyoyi, domin ya koyi ladabin aikin daga gare su. Muhammad Bello ya kammala a 1956.

Cikin tsararrakinsa da suka bi wannan hanya akwai Mamman Nasir, wanda daga baya ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ya kuma zama Galadiman Katsina, da Buba Arɗo, wanda ya zama Babban Jojin Jihar Gongola.

Hawa matakan aiki

Da ya dawo gida, ya kama aiki a matsayin lauyan gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna. Shekarun nan sun zo daidai da babban sauyi a harkar shari'a, domin a 1960 aka fara aiki da kundin hukunta laifuka da aka fi sani da Final Kod, wanda aka tsara bisa samfurin na ƙasar Sudan. Ana bukatar mutanen da suka san fiƙihu, suka kuma san dokar Bature.

A 1961 aka naɗa shi majistare. Ya je ƙaro ilimi a sashen shari'a na Jami'ar Harvard da ke Amurka, sannan a 1964 ya zama Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Jihar Arewa. A 1966 ya zama alƙalin babbar kotu, inda ya yi aiki har zuwa 1975, lokacin da aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli.

Manyan shari'u

Yana cikin alƙalai bakwai da suka saurari ƙarar da Cif Obafemi Awolowo ya shigar kan zaɓen Alhaji Shehu Shagari a 1979. Doka ta bukaci ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano ya samu kusan kashi 20 cikin ɗari ne kawai. A ranar 26 ga Satumba, mafi rinjayen alƙalan suka tabbatar da zaɓen, yayin da Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa musu.

A 1981, a ƙarar da Sanata Abraham Adesanya ya kai Shugaban Ƙasa, Mai Shari'a Bello ya bayyana cewa mutum ba shi da hurumin shigar da ƙara sai idan lamarin ya taɓa haƙƙinsa shi kansa. Lauyoyi masu fafutukar kare haƙƙin jama'a sun daɗe suna sukar wannan fahimta, suna ganin ta ƙuntata ƙofar kotu.

Babban Jojin Nijeriya

A 1987 ya gaji Mai Shari'a Ayo Irikefe a matsayin Babban Joji. Dukan shekarunsa takwas a kan kujerar sun kasance ƙarƙashin gwamnatocin da ba zaɓaɓɓu ba, lokacin da sojoji ke kafa dokokin da ke hana kotuna sauraron wasu ƙararraki. Masu suka na ganin kotun ta yi wa sojoji sassauci, masu kare shi kuwa na cewa ya tsare mutuncinta a lokacin da ake iya rusa ta.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne a 1995, lokacin da batun belin Cif Moshood Abiola ya iso Kotun Ƙoli. Da yawa daga cikin alƙalan sun riga sun kai jaridar Concord, mallakar Abiola, ƙara kan ɓata suna. Lauyoyinsa suka nemi su janye, kotun kuma ta amince, shi kansa Babban Jojin ya janye. Gwamnatin Janar Sani Abacha ba ta cike guraben alƙalan ba, shari'ar ta tsaya cik, Abiola kuma ya rasu a tsare a 1998.

A zamaninsa ne aka kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa a 1991, kuma harabarta da ke Abuja na ɗauke da sunansa.

Ya yi ritaya a 1995 yana da shekara 65, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi. Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamban 2004.