Carlo Borromeo: Limamin da ya kai ibada ƙofar gida a lokacin annoba

Mai karatu zai iya tuna yadda annobar korona ta rufe masallatai da majami'u a jihohi da dama a 2020, har aka yi aikin Hajjin shekarar ba tare da alhazan ƙasashen waje ba. An yi rubuce-rubuce masu yawa kan sallar Juma'a da tarawih, amma ba kasafai ake waiwayar halin da mabiya ɗarikar Katolika suka shiga ba, alhali nasu ƙuncin ya bambanta. Addininsu ya ginu ne a kan ayyukan ibada 7 da suke kira sakramenti, wato baftisma, da tabbatarwa, da tarayya mai tsarki, da furta zunubi, da shafa wa majinyaci mai, da naɗin limamai, da ɗaurin aure. Kusan kowannensu na buƙatar limami ya tsaya kusa da mutum, ya zuba ruwa, ko ya shafa mai, ko ya ɗora hannu, kuma ɗarikar ba ta yarda a furta zunubi ta wayar tarho ba. Don haka da bikin Ista ya zo ranar 12 ga Afrilu, an ɗage baftismar manya da aka saba yi a darensa a wurare da yawa, aure da tabbatarwa su ma suka bi sahu. Kwana 10 kafin nan ne marigayi Paparoma Francis ya ɗaga yankin Kontagora, wanda Katolikan Yelwa da Ngaski da Shanga ke ƙarƙashinsa, zuwa cikakkiyar dayosis, albishir ɗin ya iso ana tsakiyar dokar hana taro.

A muhawarar da ta biyo baya, wasu na ganin jinkirin tsoro ne, wasu na ganin hankali ne, kuma ɓangarorin biyu sun riƙa kafa hujja da mutum ɗaya, Carlo Borromeo, babban bishop na birnin Milan a Italiya. Wannan ya sa na ga ya dace in kawo tarihinsa, domin mu ga abin da ya aikata a zahiri.

An haife shi ranar 2 ga Oktoban 1538 a garin Arona da ke gaɓar tafkin Maggiore, cikin gidan sarauta da dukiya. Ya tashi da nauyin harshe, har wasu ke yi masa kallon mai jinkirin fahimta, amma ya sami digirin dakta a fannin shari'a a Jami'ar Pavia a 1559. A ƙarshen shekarar aka zaɓi kawunsa ya zama Paparoma Pius na Huɗu, shi kuwa ya kira ɗan 'yar'uwarsa zuwa Rum ya naɗa shi kadinal yana ɗan shekara 21. Da wannan alfarma ce ya hau, babu ko tantama. Sai dai da wansa Federico ya rasu a 1562, dangi suka matsa masa ya yi aure ya riƙe gida, ya ƙi, ya karɓi naɗin limanci a 1563. A 1565 ya shiga Milan, birnin da ya shafe kusan shekara 80 babu babban bishop da ke zaune a cikinsa, domin masu muƙamin sun saba cin kuɗin shiga daga nesa.

Gyaran da ya kawo mai tsauri ne. Ya buɗe makarantun horar da limamai, ya tilasta wa kowane limami zama a wurin aikinsa, ya riƙa zagaya ƙauyukan kan duwatsu da kansa. Hakan ya jawo masa maƙiya, har a Oktoban 1569 wani ɗan ƙungiyar Humiliati ya harbe shi da bindiga yana cikin addu'a, amma ya tsira.

A watan Agustan 1576 annobar da Larabawa ke kira ɗa'uni ta shiga Milan. A yau mun san ƙumar jikin ɓeraye ce ke yaɗa ta, tun da aka gano ƙwayar cutar a 1894, amma mutanen wancan zamani ba su da wannan ilimi. Gwamnan da Spaniya ta naɗa ya fice zuwa Vigevano, manyan gari suka bi shi. Borromeo kuwa yana garin Lodi labarin ya same shi, sai ya juyo ya shiga birnin, ya rubuta wasiyyarsa, ya fara ziyartar sansanin San Gregorio inda ake killace majinyata. A nan ne ɗalibin harshe irina ba zai rasa abin lura ba: kalmar sakramenti ta fito ne daga Latinanci, inda ɗaya daga cikin ma'anoninta na asali ita ce rantsuwar da sojan Rum ke yi cewa ba zai gudu ya bar tuta ba.

Matakinsa na farko shi ne wanda masu adawa da rufe wuraren ibada ke ambata. A farkon Oktoba ya jagoranci jerin gwanon tuba a titunan birnin, ba takalmi a ƙafarsa, da igiya a wuyansa, duk da fargabar da jami'an lafiya suka nuna. Amma labarin bai tsaya nan ba. A ƙarshen watan hukuma ta kafa dokar zaman gida, wadda aka yi ta tsawaitawa har cikin Janairun 1577, shi kuma ya mara mata baya. Jama'a suka daina zuwa majami'a. Sai ya sa aka kafa teburan ibada a mararrabar tituna, ta yadda mutane za su halarci sujada daga tagoginsu. Limamai suka riƙa bi gida-gida da 'yar kujerarsu, su zauna a waje, mai furta zunubi ya durƙusa daga cikin ƙofa, ranar Lahadi kuma a kawo masa tarayya har bakin zaure. Ana kaɗa ƙararrawa sau 7 a yini, maƙwabta su amsa wa juna addu'a daga taga zuwa taga. Shi da kansa ya riƙa yi wa masu cutar tabbatarwa, yana riƙe da sanda don a bar tazara tsakaninsa da lafiyayyu bayan ya fito daga wurin majinyata.

Bugu da ƙari, ya fahimci cewa wanda aka kulle a gida sai an ciyar da shi. Ya sayar da kayansa, ya ci bashi, ya ciyar da dubun-dubatar mutane a kullum, har labulen fadarsa ya sa aka yayyanka aka ɗinka wa talakawa tufafin sanyi. Da aka ayyana ƙarshen annobar a Janairun 1578, Milan ta rasa kimanin mutum 17,000 daga cikin kusan 120,000, yayin da Venis ta rasa kusan 50,000 a annobar waɗannan shekaru.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen nasa. Mutum ne mai kaushin hali, wanda ya yi ta rigima da gwamnoni kan iyakar ikonsa, kuma a 1583 binciken da aka gudanar a ƙarƙashinsa a kwarin Mesolcina ya kai ga ƙona wasu mutane da ransu bisa zargin maita. Hidimarsa a lokacin annoba ba ta goge wannan ba. Ya rasu ranar 3 ga Nuwamban 1584 yana da shekara 46, aka ayyana shi waliyyi a 1610.

Abin takaici, magadansa sun riƙe rabin darasin ne kawai. Da annoba ta dawo Milan a 1630, aka ɗauko gawarsa aka zagaya gari da ita cikin cincirindo ranar 11 ga Yuni, bayan nan mace-mace suka hauhawa, birnin ya rasa kusan rabin jama'arsa.

A nawa ganin, ɓangarorin biyu na muhawarar 2020 duk sun karanta shi rabi-rabi. Ya amince a ɗage taro domin kare rayuka, amma ko yini ɗaya bai ɗage hidima ba. Talakan bakin tafkin Kainji ya san wannan bambanci tun kafin korona, domin a ƙauyukan Kambari da Gungawa akwai inda Fada ba ya isa sai a kan babur ko cikin kwalekwale, a jira shi makonni da baftisma da aure, jama'a kuma su yi haƙuri saboda sun san zai zo. Haƙurin mutane kan ƙare ne idan suka ga an rufe ƙofa, mai ƙofar kuma ya ɓace.

Wannan ya shafi likita da malamin jami'a da alƙali da shugaban ƙaramar hukuma kamar yadda ya shafi limami. A 2020 mun ga dokar kulle ta riga abinci isa gidaje, mun ga ofisoshin da suka rufe ba tare da sun tanadi wata hanyar da mabuƙaci zai same su ba. Annoba ba ta yin sallama, saboda haka tun yanzu ya kamata kowace hukuma, ta addini da ta mulki, ta tsara yadda za ta kai aikinta ƙofar talaka a ranar da aka hana shi zuwa tata ƙofar. Allah Ya kiyaye mu daga annoba, Ya ba mu shugabanni masu tsayawa tare da jama'arsu.