ILIYA METCHNIKOFF: MASANIN DA YA GANO MAYAƘAN DA KE CIKIN JINI

A cikin masanan da suka aza harsashin ilmin garkuwar jiki, watau ilmin yadda jiki ke kare kansa daga cututtuka, da wuya a sami wanda ya sha suka da jayayya kamar Iliya Metchnikoff, mutumin daular Rasha. Shi dai masanin halittar dabbobi ne, bai taɓa riƙe takardar shaidar likitanci ba. Duk da haka shi ne ya nuna wa likitocin duniya cewa kumburi da mugunyar da ake gani a miki alama ce ta yaƙin da jiki ke yi da cuta. Sai da ya shafe shekara ashirin da biyar yana kare wannan magana kafin a sallama masa.

An haife shi ran 15 ga watan Mayu, 1845, a wani ƙauye kusa da birnin Karkof, wanda yau yake cikin ƙasar Yukren. Mahaifinsa hafsan soja ne. Tun yana yaro aka ga alamar kaifin basira a tare da shi, har ya kammala karatun shekara huɗu na Jami'ar Karkof cikin shekara biyu, yana ɗan shekara 19. Daga nan ya wuce Jamus da Italiya don nazarin ƙananan halittun ruwa. A garin Gisen na Jamus, cikin 1865, ya lura da cewa akwai wata tsutsa da ƙwayoyin halittar jikinta ke haɗiye abinci su narkar da shi a cikinsu. A lokacin ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, alhali kuwa shi ne tushen duk aikin da ya yi daga baya.

A 1870 aka naɗa shi shaihun malami a Jami'ar Odesa. Zamansa a can bai yi daɗi ba. Matarsa ta fari, Ludmila, ta rasu da tarin fuka a 1873, baƙin ciki ya kai shi har ga yunƙurin halaka kansa, amma kwanansa na gaba. Ya sake aure a 1875 da Olga, wadda ta zama mataimakiyarsa a aiki har ƙarshen rayuwarsa. Bayan kisan Sarki Alezanda na Biyu a 1881, hukuma ta matsa wa jami'o'i lamba, sai ya ajiye aiki a 1882, ya kwashe iyalinsa zuwa Mesina, a tsibirin Sisili na Italiya.

ƘAYAR FURE

A nan Mesina, a ƙarshen 1882, ya yi gwajin da ya fito da sunansa. Yana nazarin 'ya'yan wata halitta da ake kira tauraruwar teku, waɗanda jikinsu garau yake kamar gilashi, ana ganin abin da ke gudana a ciki ta madubin ƙara girman abu. Ya ga waɗansu ƙwayoyin halitta suna yawo a cikin jikin, sai ya yi tunanin ko aikinsu ya wuce cin abinci, watakila su ne masu gadi. Ya tsinko ƙayoyin fure daga lambu, ya soka su a jikin 'ya'yan. Da gari ya waye ya tarar ƙwayoyin nan sun yi wa ƙaya dafifi ta ko'ina, daidai yadda fararen ƙwayoyin jini ke taruwa su zama mugunya idan sartse ya shiga yatsan mutum.

Kafin wannan lokaci likitoci sun sha ganin ƙwayoyin cuta a cikin fararen ƙwayoyin jini, amma da yawansu sun ɗauka cutar ce ta sami mafaka da abin hawa da za ta bazu cikin jiki. Metchnikoff ya juya maganar. A ganinsa farar ƙwayar ce ta kamo cutar ta haɗiye don ta kashe ta. Wani shaihun malami na Biyana, Carl Claus, ya taimaka masa da sunan da aka laƙaba wa waɗannan ƙwayoyi, watau fagosait, daga kalmomin Girkanci masu nufin ƙwaya mai ci. Ya bayyana sakamakon a taron masana a Odesa cikin 1883.

Da yake ƙaya ba cuta ba ce, sai ya nemi hujja mafi ƙarfi. A 1884 ya same ta a jikin ƙumar ruwa, wadda wata cuta dangin yis, mai tsini kamar allura, ke huda hanjinta. Ya nuna cewa idan ƙwayoyin masu ci suka cinye cutar, ƙumar takan rayu, idan kuwa cutar ta fi ƙarfinsu, sai ta mutu.

JAYAYYA DA JAMUSAWA

A 1886 aka ba shi shugabancin tashar binciken ƙwayoyin cuta ta Odesa, inda ake yi wa waɗanda mahaukacin kare ya ciza allura bisa hanyar Louis Pasteur. Likitocin garin ba su yarda wanda ba likita ba ya shugabance su. Ana cikin haka, a 1888, dubban tumaki suka mutu bayan wani ma'aikacin tashar ya yi musu rigakafin ciwon saifa. A shekarar ya bar Rasha. Ya riga ya gana da Robert Koch a Balin bai ga fuska ba, amma Pasteur ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba shi ɗakin bincike a sabuwar cibiyarsa ta Faris. A nan ya zauna shekara 28.

Masanan Jamus kuwa suna da tasu hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. A 1888 George Nuttall ya nuna cewa ruwan jini kaɗai, ba tare da ƙwayoyinsa ba, yana iya kashe ƙwayoyin cuta. A 1890 Emil Behring da Shibasaburo Kitasato suka gano cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi yana karya dafin cuta, abin da ya haifar da maganin mashaƙo, ya ceci yara masu ɗimbin yawa. A 1894 Richard Pfeiffer ya nuna ƙwayoyin kwalara suna narkewa a cikin dabba ba tare da an haɗiye su ba. Don haka suka tsaya a kan cewa garkuwa tana cikin ruwan jini, fararen ƙwayoyi kuwa masu kwashe gawa ne bayan an gama yaƙi. Gabar da ke tsakanin Faransa da Jamus tun yaƙin 1870 ta daɗa rura wutar gardamar.

Metchnikoff bai ja da baya ba. Duk hujjar da aka kawo, sai ya koma ɗakin bincike ya amsa ta da sabon gwaji. Ya tattara hujjojinsa a littafinsa kan kumburi na 1892, da kuma babban littafinsa kan garkuwa daga cututtuka masu yaɗuwa na 1901. Shi ne ya rarrabe manyan ƙwayoyi masu ci, waɗanda ya kira makrofaj, da ƙananansu.

Abin sha'awa shi ne, a ɗakin bincikensa ne wani matashi ɗan Beljiyam, Jules Bordet, ya bayyana a 1895 yadda ruwan jini ke fasa ƙwayoyin cuta, aikin da ya ƙarfafa ɓangaren abokan hamayya, ya kuma kai shi ga lambar Nobel ta 1919. A 1903 kuma Almroth Wright da Stewart Douglas na Ingila suka nuna cewa ruwan jini yana shafa wa ƙwayar cuta wani abu da ke sa farar ƙwaya ta fi saurin haɗiye ta. Ashe kowane ɓangare rabin gaskiya ya riƙe. A 1908 aka raba lambar Nobel ta fannin likitanci tsakanin Metchnikoff da Paul Ehrlich, jagoran masu ra'ayin ruwan jini.

SAURAN AYYUKANSA

A lokacin annobar kwalara ta 1892 ya sha ruwa mai ƙwayoyin cutar da gangan don gwaji, bai kuwa kamu ba. A 1903, tare da Emile Roux, ya yi nasarar sa wa manyan birai ciwon tunjere, wanda ya buɗe hanyar nazarin cutar a jikin dabba. A 1904 ya zama mataimakin darektan Cibiyar Pasteur. Cikin ɗalibansa na Odesa akwai Waldemar Haffkine, wanda ya haɗa allurar rigakafin kwalara da ta annobar ɓeraye, aka yi amfani da su ƙwarai a Indiya.

Da girma ya zo masa sai ya juya ga nazarin tsufa. Ya ɗauka dafin ƙwayoyin da ke cikin hanji ne ke tsofar da mutum, ya kuma danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan madara mai tsami irin kindirmo, har shi ma ya lazimci shanta kullum. Bincike bai tabbatar da wannan ra'ayi yadda ya faɗe shi ba, sai dai masu nazarin ƙwayoyin hanji masu amfani suna lissafa shi cikin magabatansu. Ya rasu da ciwon zuciya a Faris ran 15 ga watan Yuli, 1916, yana da shekara 71. Tokar gawarsa tana ajiye a ɗakin karatu na cibiyar, bisa wasiyyarsa.

Bayan rasuwarsa hankalin masana ya koma kan ruwan jini na kusan rabin ƙarni, sai cikin shekarun 1960 aka dawo ga ƙwayoyin halitta. Yau an san cewa makrofaj ba ci kaɗai yake yi ba, yana kuma sanar da sauran rundunar jiki irin abokin gabar da ya shigo. An san kuma cewa yaran da aka haifa da naƙasa a ƙwayoyinsu masu ci sukan yi ta fama da cututtuka. A 2011 aka ba Bruce Beutler da Jules Hoffmann da Ralph Steinman lambar Nobel saboda ayyukan da suka ɗora a kan wannan harsashi.

Ya kamata ɗalibanmu da masu tsara kasafin ilmi su lura da inda wannan ilmi ya faro. Da an tambayi wani jami'i a 1882 ko ya dace a kashe kuɗi kan mai leƙen cikin tsutsar teku, da wuya ya sa hannu. Amma duk likitan da yau ya aika a ƙirga fararen ƙwayoyin jinin majinyaci don ya san halin da garkuwarsa ke ciki, yana cin moriyar wannan leƙe ne.